Tarihin William Lyons, mai ɗora wa shasin wasu jiki wanda ya kafa kamfanin Jaguar

 A yau za mu leƙa ƙasar Ingila ne domin mu kawo muku tarihin William Lyons, mutumin da ya kafa kamfanin motocin Jaguar, wanda ya bar duniya tun a shekarar 1985. Dalilin da ya sa muka ɗauko shi shi ne sana'ar da ya fara da ita ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Gure ta nufi Difa ya san manyan motocin nan masu bodin katako, irin su Marsandi 911, ya kuma san cewa kamfanin da ya ƙera su inji da shasi da kan mota kawai ya yi, bodin kuwa kafintoci da masu walda ne suka haɗa shi a nan ƙasashenmu. To, da irin wannan aiki Lyons ya fara, sai dai shi a kan ƙananan motoci ya yi nasa.

A farkon zamanin mota a Turai haka aka saba yi. Mai kuɗi yakan sayi shasi da inji daga kamfani, sa'an nan ya kai wa masu haɗa jiki, waɗanda yawancinsu daga ƙera keken doki suka gaji sana'ar. Su ne za su sassaƙa ƙashin jikin da ice mai ƙarfi, su bubbuga fallayen alminiyam ko na ƙarfe da guduma har su kwanta a kansa, su yi kujeru, su shafa fenti. Hatta manyan motoci irin su Rolls-Royce da Bentley ta haka ake sayen su har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi William Lyons ranar 4 ga watan Satumba na shekarar 1901 a garin Blackpool da ke bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinsa mutumin Ailan ne da kiɗa ya kawo shi garin, ya zauna ya buɗe kantin sayar da kayan kiɗa. Yaron bai nuna sha'awar gadon kantin ba, hankalinsa duk yana kan moto. Bayan ya gama lakwal sai aka kai shi koyon aiki a kamfanin motoci na Crossley da ke birnin Mancesta, amma bai daɗe ba ya dawo gida a shekarar 1919, ya kama aikin sayar da motoci a wurin wasu dillalai. A nan ne ya koyi abin da ya amfane shi har ƙarshen rayuwarsa, wato sanin abin da ke jan idon mai saye da kuma iyakar abin da aljihunsa zai iya ɗauka.

A shekarar 1921 wani mutum mai suna William Walmsley, wanda ya girme shi da kusan shekara goma, ya tare a unguwarsu. Shi wannan mutum yana ƙera irin akwatin nan mai ƙafa ɗaya da ake liƙa wa moto a gefe domin ɗaukar mutum guda. Da alminiyam mai ƙyalli yake yin sa, a cikin garejin gidansu, ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Lyons ya sayi guda, ya kuma lura da yadda mutane ke tsayawa kallo duk inda ya wuce. Sai ya shawo kan Walmsley a kan su haɗa gwiwa su riƙa yi da yawa. Iyayensu maza suka tsaya musu a banki aka ba su damar cin bashin fam 1,000, amma sai da aka jira Lyons ya cika shekara 21 kafin doka ta yarda ya sa hannu a takarda. Ranar 4 ga Satumba 1922 aka kafa kamfanin Swallow, wato tsattsewa, a wani ɗan bene da ke titin Bloomfield, da ma'aikata ƴan ƙalilan. Bayan shekara biyu, a 1924, ya auri wata mai suna Greta Brown, suka haifi ƴaƴa uku: Patricia da John da Mary.

Daga akwatin moto zuwa jikin mota

A shekarar da aka kafa Swallow ne kamfanin Austin ya fito da wata ƴar ƙaramar mota mai suna Austin Seven, mai arha ƙwarai, wadda ta sa masu moto da yawa suka koma sayen mota. Motar tana da ƙwari, amma ba ta da kyan gani. Lyons ya hango cewa akwai mutanen da ba su da kuɗin babbar mota, amma kuma ba sa son a gan su cikin irin wadda kowa ke hawa. A shekarar 1927 suka sayi shasin Austin Seven, wani gwanin haɗa jiki mai suna Cyril Holland ya yi masa ƙashi na ice, aka rufe da alminiyam, aka zagaye masa hanci da baya, aka shafa masa fenti kala biyu masu haske a lokacin da yawancin motocin Ingila baƙaƙe ne ko masu duhun launi. Aka sa mata kuɗi fam 175.

Da Lyons ya kai motar birnin Landan ya nuna wa dillalan Henlys, nan take suka ce suna son guda 500. Ya amsa, alhali ya san wurin aikinsu bai fi ƙarfin mota biyu a rana ba. Shasi ya riƙa zuwa ta jirgin ƙasa yana taruwa a tashar Blackpool har ya zame wa ma'aikatan tashar kaya. Bugu da ƙari, garin na ƴan yawon shaƙatawa ne, babu ƙwararrun ma'aikatan mota, kuma duk kayan aiki daga tsakiyar ƙasar ake kawo su. Saboda haka a ƙarshen shekarar 1928 suka kwashe suka koma birnin Coventry, cibiyar ƙera motoci ta Ingila, suka kama wata tsohuwar masana'antar harsasai a unguwar Foleshill.

A nan ne Lyons ya sauya yadda ake aikin. Maimakon gwani ɗaya ya sassaƙa ƙashin mota tun daga farko har ƙarshe, sai ya sa ana yanka icen gunduwa-gunduwa a kan ma'auni ɗaya, ana harhaɗa su a kan wani gado na musamman, kowa da nasa sashe, ana kuma biyan mutum gwargwadon abin da ya gama. Tsofaffin gwanaye ba su so haka ba, amma ba a daɗe ba aikin ya tashi daga mota 12 a mako ya kai 50. Daga nan suka riƙa ɗora jiki a kan shasin wasu kamfanoni kamar Fiat da Swift da Standard da Wolseley. Ko da tattalin arzikin duniya ya karye a shekarar 1929, kasuwarsu ba ta mutu ba, domin waɗanda suka rasa ƙarfin sayen mota mai tsada sun sami mai kama da ita a wurinsu.

Motarsa ta kansa

Duk da haka akwai abin da ke damun Lyons. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Shi yana son mota doguwa mai kwanciya ƙasa-ƙasa, shasin da yake saye kuwa masu tsayi ne, kuma ba shi da ikon sauya su. Sai ya daidaita da John Black na kamfanin Standard a kan a riƙa ba shi inji da wani shasi na musamman da aka ƙera bisa yadda yake so. A watan Oktoba na 1931, a bikin nunin motoci na Landan, aka ga mota mai suna SS1, mai dogon hanci da gajeren rufi, a kan fam 310. Masu kallo sun ɗauka kuɗinta ya ninka haka. Masu suka kuwa sun ce kyan ɗan maciji ne da ita, domin gudunta bai kai kyanta ba, kuma suna da gaskiya.

A ƙarshen shekarar 1934 Walmsley, wanda ba ya son ɗawainiyar babban kamfani, ya karɓi rabonsa ya fita, Lyons ya zama shi kaɗai ne mai faɗa a ji. Nan da nan ya nemi maganin sukar da ake yi masa. Ya ɗauko wani matashin injiniya mai suna William Heynes a 1935, ya kuma sa wani gwanin inji mai suna Harry Weslake ya sake wa injin Standard kai domin ƙarfinsa ya ƙaru. A watan Satumba na wannan shekara aka gayyaci dillalai da ƴan jarida wani otal a Landan aka nuna musu sabuwar mota, aka ce kowa ya rubuta kuɗin da yake tsammani. Da aka haɗa aka raba, tsammaninsu ya haura fam 600, kuɗin motar kuwa bai kai fam 400 ba. Ita ce ta fara ɗaukar sunan Jaguar, wata dabba dangin damisa da ke dazuzzukan Amurka ta Kudu. A tare da ita aka fito da SS100 mai kujera biyu, wadda daga baya da aka ƙara mata girman inji ta riƙa kai kilomita 160 a awa.

A shekarar 1937 Lyons ya yanke shawarar barin ƙashin ice a manyan motocinsa ya koma ƙarfe zalla, domin a iya yin su da yawa. Wannan mataki ya kusa kashe kamfanin. Ba shi da injunan matse ƙarfe na kansa, sai ya rarraba aikin ga kamfanoni daban-daban, da fallayen suka iso kuwa suka ƙi haɗuwa da juna. Aka yi watanni mota ba ta fita yadda ya kamata. Da ƙyar aka shawo kan matsalar, har kamfanin ya kai ga ƙera mota wajen 5,000 a shekara kafin yaƙi ya ɓarke a 1939. Mu riƙe wannan batu na matse ƙarfe, domin zai sake dawowa.

Yaƙi da abin da ya biyo baya

Lokacin yaƙi an daina ƙera motocin hawa, masana'antar ta koma yi wa soja akwatunan moto da tireloli da sassan jiragen sama. Birnin Coventry ya sha ruwan bama-bamai daga Jamus, saboda haka ma'aikata ke kwana bi da bi suna gadin gobara. A irin waɗannan darare ne Lyons da Heynes da wasu injiniyoyi biyu, Walter Hassan da Claude Baily, suka tsara injin da aka sani da XK, mai silinda shida, wanda aka ci gaba da ƙera shi har shekarar 1992. Daɗin daɗawa, da John Black ya nuna yana son sayar da injunan da ake ƙera masa inji da su, Lyons bai yi sanya ba ya biya ya aika aka kwaso su kafin mai su ya sake tunani. A shekarar 1945 aka bar sunan SS, saboda ya yi daidai da na dakarun Hitila da suka yi ta'asa a Turai, kamfanin ya koma Jaguar. Aka kuma sayar da sashen akwatin moto.

Bayan yaƙi gwamnatin Ingila ta riƙa raba ƙarfe ne gwargwadon yawan abin da kamfani ke sayarwa ƙasashen waje, don haka Lyons ya sa ido a kan kasuwar Amurka. Babbar motar da aka yi sabon injin dominta ba ta kammala ba, ga shi bikin nunin motoci na Oktoba 1948 ya matso. Sai aka gajarta shasinta, Lyons ya tsara masa jiki mai kujera biyu cikin ƴan makonni, da niyyar a yi ƴan kaɗan don talla. Wannan ita ce XK120. Guda 240 na farko da hannu aka yi su, alminiyam a kan ƙashin ice, irin aikin da ya fara da shi a Blackpool. Da masu saye suka yi yawa sai aka koma ƙarfe a 1950. Da wasu suka yi shakkar gudunta, aka kai ta wata miƙaƙƙiyar hanya a Jabbeke ta ƙasar Beljiyam a watan Mayu na 1949, ta yi kilomita 213 a awa a gaban ƴan jarida. Abin ya juya har gwanayen haɗa jiki na Italiya, irin su Pinin Farina da Ghia, suka riƙa ɗora nasu jikin a kan shasin Jaguar, kamar yadda shi ya yi wa na Austin a da.

Wani abin mamaki game da Lyons shi ne ba mai zane ba ne. Tsayawa yake yi a kan tolye da kafinta, suna lanƙwasa ƙarfe yana nuna musu inda za a ɗaga da inda za a sauke, har siffar ta yi masa. Sau da yawa yakan sa a kai samfurin gidansa na Wappenbury, a ajiye a fili, ya duba shi daga nesa cikin hasken rana. Mutum ne mai tsananin tsimi, mai bin kowane kwabo, marar sakin fuska a wurin aiki, wanda ke kiran ma'aikatansa da sunan mahaifinsu komai daɗewarsu tare. Tsimin nan ne ya sa motocinsa suka yi arha, amma shi ne kuma ya sa bai zuba isasshen kuɗi wajen sabunta kayan aikin masana'antar ba.

Nasara da rashi

A tseren awa 24 na Le Mans da ke Faransa, motocin Jaguar sun yi na ɗaya sau biyar a shekarun 1950, wato a 1951 da 1953 da 1955 da 1956 da 1957. A na 1953 ne suka nuna wa duniya amfanin birki mai faifai, wanda suka inganta tare da kamfanin Dunlop, irin wanda ke ƙafafun gaba na yawancin motocin da muke hawa a yau. Sai dai shekarar 1955 ta zo wa Lyons da baƙin ciki. Ɗansa namiji tilo, John, wanda ake shiryawa ya gaje shi, ya mutu a haɗarin mota kusa da Cherbourg a kan hanyarsa ta zuwa wurin tseren, bai wuce shekara 25 ba. A wannan tsere ne kuma wata motar Marsandi ta faɗa cikin ƴan kallo, mutum fiye da 80 suka hallaka.

A shekarar 1956 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Ranar 12 ga Fabrairu 1957 gobara ta tashi a masana'antarsu ta Browns Lane, inda suka koma a farkon shekarun 1950, ta cinye babban sashe da motoci wajen 270. Ma'aikata suka fito da shebur suka kwashe toka, cikin ƴan kwanaki aka ci gaba da aiki. Daga nan kamfanin ya ƙara bunƙasa. Ya sayi Daimler ta Ingila a 1960, da Guy mai ƙera manyan motoci a 1961, da Coventry Climax mai ƙera inji a 1963. A watan Maris na 1961 aka nuna E-type a birnin Janeba, wadda yawancin siffarta aikin Malcolm Sayer ne, tsohon ma'aikacin jiragen sama, kuɗinta kuwa kusan rabin na Aston Martin.

Yadda kamfanin ya fita hannunsa

Tun daga shekarar 1955 Jaguar ta fara ƙera motocin da shasi da jiki a haɗe suke wuri guda, ba a raba su. Wannan salo shi ne ya kashe tsohuwar sana'ar haɗa jiki a Turai, domin babu sauran shasin da za a saya a ɗora wa wani abu. Irin wannan jiki kuma sai da manyan injunan matse ƙarfe, waɗanda har lokacin Lyons bai mallaka ba. Wani kamfani mai suna Pressed Steel ke yi masa. A shekarar 1965 babban kamfanin BMC, mai Austin da Morris, ya saye Pressed Steel. Lyons ya wayi gari jikin motocinsa yana hannun abokin gasa, shekarunsa sun kusa 65, ga shi babu magaji. A 1966 ya yarda aka haɗe Jaguar da BMC bisa sharaɗin zai ci gaba da tafiyar da nasa sashe. Bayan shekara biyu, a 1968, aka sake haɗe su duka cikin British Leyland. Mutumin da ya fara da sayen shasin Austin yana yi masa jiki, ƙarshe rashin wurin yin jiki ne ya mai da shi ƙarƙashin inuwa ɗaya da Austin.

A wannan shekara ta 1968 ya fito da XJ6, mota ta ƙarshe da ya tsara da kansa, ya kuma yi ritaya a 1972, shekara 50 cif bayan kafa Swallow. Ya koma gonarsa ta Wappenbury yana kiwon tumaki da shanu. Yana raye ya ga yadda ingancin motocin ya zube a shekarun 1970 saboda yajin aiki da rikicin shugabanci a British Leyland, ya kuma ga lokacin da aka sake ware Jaguar ta tsaya da ƙafarta a 1984 a ƙarƙashin John Egan. Ya mutu a gidansa ranar 8 ga Fabrairu 1985 yana da shekara 83, matarsa Greta ta bi shi a 1986. Bayansa kamfanin Ford na Amurka ya sayi Jaguar a ƙarshen 1989, a 2008 kuma kamfanin Tata na Indiya ya saye ta tare da Land Rover, motar da mutanen dajinmu suka daɗe da sani.

Mu a nan, titunanmu da rairayinmu ba na Jaguar ba ne, amma muna da masu irin hannun da Lyons ya dogara da shi. A garejojin Damagaram da Maraɗi da Kano akwai tolye da kafintoci da masu walda da ke tayar da motar da aka fid da rai da ita, su yi wa babbar mota bodi tun daga tushe. Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne gwaninta kaɗai ba ta isa ba. Walmsley ya fi Lyons iya aikin hannu, amma Lyons ne ya san lissafin kuɗi, da auna kaya a kan ma'auni ɗaya, da neman kasuwa, ya kuma sami bankin da ya yarda ya ba yaro ɗan shekara 21 bashi. Muna fata hukumomi da bankuna da masu hannu da shuni za su dubi masu waɗannan sana'o'i namu da irin wannan ido. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba da tarihin wani, in Allah ya kai mu.